Mota Ɗaya, Aiki Biyu: Tarihin Ƙara wa Tsohuwar Mota Gudu a Kalifoniya

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata al'ada da ta tsiro a kudancin Kalifoniya ta Amurka, wato gyara tsohuwar mota ta yadda za ta kai mai ita wurin aiki ranar Litinin, ta kuma shiga tsere ranar Lahadi.

Talauci ne mafarinta. Tsakanin 1908 da 1927 kamfanin Ford ya ƙera motar nan Model T fiye da miliyan 15, saboda haka lokacin da tattalin arziki ya karye a 1929, tsofaffinta sun zama araha kamar banza. Ƙarfin injinta bai wuce na doki 20 ba. Samarin da ba su da halin sayen ƙarfi sai suka koma rage nauyi: suka cire rufi, da marufan tayoyi, da duk wani ƙarfen da ba ya tura mota gaba. A 1932 Ford ya fito da inji mai silinda 8 da ƙarfin doki 65, kuma ba da jimawa ba aka fara ciro shi daga motocin da suka yi haɗari ana dasa shi a cikin tsofaffin ƙananan motoci.

A nan ne gwanintar take. Inji dai numfashi yake yi, don haka akan ɗora masa kafireta biyu ko uku ya shaƙi iska da mai sosai, a kankare murfin silinda don matsi ya ƙaru, sannan a buɗe hanyar hayaƙi. Sai dai kowane gyara da kuɗinsa. Injin da aka tsananta wa matsi yakan yi zafi a cunkoson gari, ya sha mai, ya yi gardama da safe. Ga shi kuwa mai motar ba shi da wata.

Fagen gwaji shi ne busassun tafkunan hamadar Mojave, musamman Muroc, inda ƙungiyar auna gudu ta SCTA, wadda aka kafa a 1937, ta riƙa shirya tsere. Alal misali, Vic Edelbrock, makanike a Los Anjeles, da Ford ɗinsa ƙirar 1932 yake zirga-zirgar yau da kullum. Idan ya isa tafki sai ya kwance gilashin gaba da marufan tayoyi, ya yi tsere, ya mayar da su ya koma gida. A 1941 motar ta wuce mil 120 a awa.

Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo da ilmin kanikanci, tsere ya bazu a titunan gari, jaridu suka yi caa a kan samarin. Mujallar Hot Rod ta fito a 1948, Wally Parks kuma ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a kwashe tsere daga titi zuwa fage mai doka. Hakan ya ceci rayuka, amma shi ne ya fara raba aikin biyu, domin motar da ke son cin gasa ta koma sai an jawo ta a tirela. Dokar tsabtace iska ta 1970 kuwa ta ƙara taƙaita irin gyaran da aka yarda a yi wa injin motar da ke hawa titi.