Sabon Zango, Unguwar Malam Bako a Akra

Tsakanin kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai da babban asibitin Korle Bu, a yammacin birnin Akra, akwai unguwar da da Hausa ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita kuma ake sulhu. Sabon Zango ke nan.

Asalinta yana komawa ga Malam Naino, malami Bakatsine da ya sauka Akra a ƙarni na 19, ya kafa zango a tsakiyar gari. Bayan rasuwarsa a 1893 rigima ta kunno kai kan limanci da shugabanci, Hausawa na ja, Yarbawa na ja, ga kuma cunkoso. Ɗansa Malam Bako bai tsaya ana ta kai ruwa rana ba. Ya nemi fili a hannun sarakunan Ga, masu ƙasa, a hayin tafkin Korle inda a lokacin jeji ne. Wajen 1912 ya tattara iyalinsa da mabiyansa suka koma can.

A ganina dabarar malamin tana wajen rabon fili. Shi ya yanka wa kowa wurin gini, saboda haka duk wanda ya kafa gida ya san albarkacin wa ya ci. Aka yi gini irin na Arewa, zaure a gaba, mata a ciki, baƙo ba ya wuce ƙofa sai da sallama. Har yau sarautar zangon tana hannun zuriyarsa, fadar sarki da tsohon masallacin da ke kusa da ita su ne cibiyar unguwa. Dattawa kuwa in za su yi maka kwatance, da tsohuwar silimar Gaskiya suke farawa.

Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta kwashi mutane da dama. Ɗakunan da aka bari 'yan haya suka cike su, zauruka da yawa suka koma ɗakin kwana ko shago. Yanzu a tsakar gida ɗaya sai ka tarar da Bazabarme, Bayarabe da Kiristan kudu suna layin famfo. Lungunan sun matse, magudanan ruwa sun yi wa jama'a kaɗan, da damina abin ba kyan gani. Amma da sassafe mai koko da ƙosai, ko 'yar wace ƙabila ce, da Hausa za ta tambaye ka na nawa za a zuba.