Ciwon Yanke Ƙwaya da Giya ga Matasa: Yadda Ake Kula da Su a Ɗakin Yara na Asibiti

Sau da yawa ba shaye-shaye ne ke kawo matashi asibiti ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot, ko karaya bayan haɗarin babur. A ba shi gado, a fara magani, sai a rana ta biyu ya fara gumi da hamma, jikinsa na rawa, barci ya gagara, ya dage sai an sallame shi. Iyaye su zaci ciwon da ya kawo shi ne ya tsananta, wasu su ce iska ce. A wasu lokutan abin da ya faru shi ne, kwanciyar asibiti ta raba shi da wata ƙwaya da jikinsa ya saba da ita kullum.

Wannan bayani na iyaye ne da masu jinya, musamman na Kaya da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, domin su gane wannan yanayi kuma su san abin da likita zai yi.

Mene ne ciwon yanke ƙwaya?

Idan mutum ya ɗauki makonni ko watanni yana shan abin maye a kai a kai, ƙwaƙwalwarsa tana sauya yadda take aiki don ta zauna da abin. Giya da ƙwayoyin sa barci suna danne ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. Ranar da aka yanke su farat ɗaya, dannewar ta tafi, ƙaimin ya rage shi kaɗai. Daga nan ne rawar jiki, bugun zuciya da jijjiga suke fitowa. Wannan shi ne ciwon yanke ƙwaya. Ciwo ne na jiki, kuma yana da magani.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a Najeriya cikin shekara guda. Daga ciki, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe raɗaɗi irin su Tramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce.

Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma Tramadol da ƙwayoyin barci ba su bar kasuwa ba. Tramadol da aka amince da shi a Najeriya mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225. Yara da yawa suna fara sha ne don su jure aikin gona a filayen noman rani na Bakolori, ko haƙar ma'adinai, ko acaɓa. Wasu kuma don su samu barci bayan abin da suka gani na hare-hare da gudun hijira.

Tun da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara a shekarar 2000 an hana sayar da giya, saboda haka shan ta bai kai na ƙwaya yawa ba. Sai dai wanda yake sha yakan ɓoye matuƙa, alhali yanke giya na cikin mafi haɗari.

Alamomi, bisa ga abin da ake sha

- Tramadol, kodin da allurar Pentazocine: alamomi kan fara cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su tsananta a rana ta 2 zuwa ta 3, su lafa cikin kwana 5 zuwa 10. Akwai hamma, hawaye, yoyon hanci, gumi, tashin tsigar jiki, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, amai da gudawa. Tramadol yana da ƙari: tsananin fargaba, ruɗewa, jin kamar lantarki na ratsa jiki, wani lokaci da gane-gane. Yawan shan sa kuma yana jawo jijjiga.
- Ƙwayoyin sa barci, irin su Diazepam da Rochi: alamomi kan fara daga kwana 1 zuwa mako guda, gwargwadon irin ƙwayar. Rashin barci, fargaba, rawar hannu, rashin jure ƙara da haske, sannan jijjiga. Yanke su farat ɗaya na iya kisa.
- Giya: rawar hannu, gumi da tashin zuciya cikin awa 6 zuwa 24. Jijjiga yawanci cikin kwana 2 na farko. A rana ta 2 zuwa ta 4 wasu kan shiga mummunar ruɗewa da zazzaɓi da gane-gane, wadda ke iya kisa idan ba a yi magani ba.
- Tabar wiwi: saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai da rashin cin abinci, daga rana ta 1 ko ta 2 har zuwa mako 2. Akwai wahala, amma ba ya kisa.
- Sholisho da fetur: ciwon kai, fushi da rashin barci. Babban haɗarinsu yana wajen shaƙar ne, domin suna lalata ƙwaƙwalwa kuma suna iya tsayar da zuciya nan take.

Yawancin matasa suna haɗa biyu ko uku, don haka alamomin kan cakuɗe.

Abin da likita ke son sani

Tambayoyi huɗu ne suka fi muhimmanci: me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, kuma yaushe ya sha na ƙarshe? Sannan ko ya taɓa yin jijjiga. Idan kun samu kwali ko kwalba a ɗakinsa, ku zo da su. Kada ku dogara da gwajin fitsari, domin ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma gwajin da aka saba yi ba ya nuna Tramadol.

Likita zai nemi ya gana da yaron shi kaɗai. Kada ran mahaifi ya ɓaci, kunya ce ke hana yaro faɗin gaskiya a gaban iyayensa. Abin da ya faɗa sirri ne na asibiti, don magani ake neman sa. Idan rayuwarsa na cikin haɗari, likita zai sanar da ku. Ga 'yan mata, musamman matan aure masu ƙarancin shekaru, akan yi gwajin ciki, saboda yanke Tramadol ko kodin farat ɗaya na iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci, jaririn kuma yana iya zuwa da alamomin yankewar.

Cututtukan da ke kama da shi

Ko an tabbatar yaro yana shan ƙwaya, likita ba zai ɗora komai a kanta ba. Zazzaɓi da ruɗewa da jijjiga na iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Zamfara a 2017, ko faɗuwar sukarin jini, ko buguwa a kai. Ga yaran da ke aikin zinariya ana tunanin gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Shi ya sa ake gwada jini da sukari, wani lokaci a ɗebi ruwan baya. Ku ba da haɗin kai idan an nemi haka.

Yadda ake magani

*Sa ido.* Ma'aikatan jinya za su riƙa auna bugun zuciya, hawan jini, numfashi da zafin jiki, su duba gumi da rawar hannu, su rubuta maki a takarda bayan kowane 'yan awoyi. Makin ne ke nuna ko a ƙara magani ko a rage. Adadin kowane magani kuma ana lissafa shi da nauyin yaron.

*Ruwa da abinci.* Amai da gudawa suna ƙarar da ruwan jiki. Ana ba da ruwan gishiri da sukari, in ya gagara a sa ƙarin ruwa. Kunu, koko da fate sun fi sauƙin shiga a kwanakin farko.

*Giya.* Ana ba da Diazepam ko danginsa na 'yan kwanaki, ana ragewa, don a hana jijjiga da ruɗewa. Ana kuma ba da sinadarin bitamin B1, domin giya tana ƙarar da shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa.

*Ƙwayoyin barci.* Yaye jiki ake yi, kamar yadda ake yaye yaro daga nono. Likita zai mayar da shi kan magani ɗaya mai daɗewa a jiki, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Yayen yakan ci gaba bayan sallama, maganin kuma a hannun babba zai zauna.

*Tramadol da kodin.* Ana maganin kowace alama: Paracetamol ko Ibuprofen don ciwon jiki, maganin amai, maganin gudawa, wani lokaci Clonidine don rage gumi da bugun zuciya, tare da lura da hawan jini. Wanda ke shan Tramadol mai yawa, likita na iya zaɓar ragewa a hankali. Dogaro mai tsanani yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa.

*Masu sikila.* Wasu sun saba da Pentazocine ta hanyar ciwonsu. Ba a hana su maganin raɗaɗi saboda haka. Ana tsara musu shi ne, a hannun likita ɗaya.

*Lafiyar zuciya.* Damuwa mai tsanani takan bayyana da zarar maye ya sake shi. Likita zai tambayi yaron kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, hanya ce ta ceton rai.

Aikin mai jinya

- A samu babba guda mai haƙuri ya zauna da shi dare da rana, a rage 'yan dubiya.
- Kada a kawo masa ƙwaya a ɓoye don tausayi. Haɗuwarta da maganin asibiti na iya tsayar da numfashinsa. A lura da abin da abokai ke shigowa da shi.
- Kada a ba shi jiƙo ko wani magani daga kemis ba da sanin likita ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani a gefen gado ba su hana magani.
- A ajiye faɗa da gori. Yaron da ke cikin raɗaɗi ba ya jin nasiha, lokacinta zai zo.
- Kada a sa hannu a fitar da shi a rana ta 2 ko ta 3 don ya matsa. A lokacin ne haɗarin ya fi yawa.
- Ba a ɗaure shi, ba a dukan sa. Gidajen mari da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019 sun nuna irin cutarwar da ke cikin wannan hanya, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncin masu irin wannan larura.

Alamomin haɗari

A kira ma'aikacin jinya nan take, ko a garzaya asibiti idan a gida ake, da zarar an ga:

- jijjiga;
- ruɗewa, gane-gane, ko ya kasa gane mutane;
- zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya;
- aman da ya hana shi riƙe ko ruwa;
- barci mai nauyi da ba ya farkawa, numfashi a hankali, leɓe ya sauya launi;
- maganar kashe kansa.

Idan jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa, kada a yi masa hayaƙi. Jijjigar da ta wuce minti 5 tana buƙatar allura cikin gaggawa. Mutanen ƙauyukan da tafiyar dare ke musu wuya saboda tsaro, kada su jira abin ya tsananta. Yaron da aka san yana shan giya ko ƙwayar barci kullum, a kai shi da rana tun rawar hannu ta fara.

Bayan sallama

Wucewar ciwon yankewa matakin farko ne kawai, sha'awar ƙwayar takan daɗe watanni. Akwai kuma haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba: bayan mako 1 ko 2 ba ya sha, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Idan ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. A faɗa masa wannan ƙarara kafin ya bar asibiti. Idan aka same shi a sume, a kai shi asibiti a faɗi abin da ya sha, domin akwai allurar Naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa.

Kafin ku tafi, ku karɓi ranar dawowa. Ku kwashe duk ƙwayoyin da ke gida. Ku duba dalilin da ya sa ya fara: in nauyin aiki ne a rage masa, in firgici ne a nema masa mai ba da shawara, in zaman banza ne a mayar da shi makaranta ko a sa shi sana'a. Idan ya sake sha, a dawo da shi asibiti. Komawa ruwa abu ne da aka saba gani a wannan ciwo, kuma da yawa sai bayan yunƙuri biyu ko uku suke rabuwa da ita.

Inda za a je

A fara da babban asibiti mafi kusa, a Talata Mafara, Maradun ko Bakura. Idan ana buƙatar ƙwararru, akan tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ga masu son dainawa da iyalansu.

Wannan bayani ba ya maye gurbin ganin likita. Duk inda kuka je, ku faɗi abin da yaron yake sha tun a ranar farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.