Wa Ke Biyan Ɗalibin Injiniya? Tarihin Karatu Haɗe Da Aiki

A shekarar 1906 Jami'ar Cincinnati da ke jihar Ohio ta Amurka ta ɗauki ɗalibai 27 a fannin injiniya bisa wani sharaɗi da ba a saba gani ba. An haɗa su bibbiyu a kan gurbin aiki guda. Wannan makon ɗaya yana aji yana fama da lissafi da zane, abokinsa yana masana'anta hannu dumu-dumu da baƙin mai. Mako mai kamawa sai su yi musaya, wanda ya fito daga aji ya ɗora daga inda ɗan'uwansa ya tsaya. Kamfanoni 13 na garin ne suka karɓe su, kuma kamfanonin ne ke biyansu lada a kan kowace awa, kamar sauran masu koyon aiki. Hukumar jami'ar ta amince da abin a matsayin gwaji na shekara ɗaya kacal. Yau an haura shekara ɗari ana yi, tsarin kuma ya bazu ƙasashe da dama. Idan ana ba da tarihinsa, an fi yabon hikimar haɗa aji da aiki, a bar batun ladan kamar wani ɗan ƙari ne na kyautatawa. A ganina ladan nan shi ne ginshiƙin abin, kuma aljihun da yake fitowa daga ciki shi ke raba horon gaske da na jeka-na-yi-ka.

Mutumin da ya kawo tsarin, Herman Schneider, an haife shi a 1872 a wani garin haƙar kwal na jihar Pennsylvania. Ya yi karatu a Jami'ar Lehigh, ya fita ya yi aikin gine-gine da gadojin jirgin ƙasa, sannan ya dawo koyarwa. Da ya bibiyi tsofaffin ɗalibai sai ya lura cewa waɗanda suka fi yin fice su ne waɗanda suka taɓa aiki kafin su kammala karatu, galibi don neman kuɗin makaranta. Wato talauci ya tura su ga wani darasi da 'ya'yan masu hali ba su samu ba. Lehigh ba ta karɓi shawararsa ta haɗa aji da aiki ba, sai ya koma Cincinnati a 1903, garin da ya shahara wajen ƙera injinan sarrafa ƙarfe, inda masu masana'antu ke neman ƙwararru ido rufe. Hujjarsa mai sauƙi ce. Jami'a ba za ta iya sayen kowane sabon inji ba, ko ta saya zai tsufa cikin 'yan shekaru, alhali ga su nan a tsallaken titi suna aiki dare da rana. Kuma akwai abin da ɗakin gwajin makaranta ba ya koyarwa ko da an cika shi da injina: ƙarfen da ɗalibi ya sassaƙa a makaranta ana ba shi maki a jefar, amma wanda ya sassaƙa a masana'anta cikin injin wani zai shiga, idan ya kauce wa awo da kaurin gashi guda za a dawo da shi, shugaban ma'aikata kuma zai kira sunan wanda ya yi.

A nan ne lada ke aikinsa. Mai kamfanin da ke fitar da kuɗi duk ƙarshen mako ba zai bari yaro ya zauna a lungu yana kallo ba. Dole ya nema masa aikin da zai mayar da kuɗin, kuma dole ya sa wani ya nuna masa don kada ya yi ɓarna. Shi ma ɗalibin, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: zai zo kan lokaci, zai jure tsayuwa, zai koyi yi wa dattijon makaniki magana da ladabi, domin ana iya sallamarsa. Schneider ya ƙara da malamai na musamman da ke zagayawa masana'antu suna duba abin da aka sa ɗalibai, su dawo aji su ɗaura darasi a kan abin da yaran suka taɓa da hannunsu. Wannan ya hana kamfani mayar da ɗalibi ɗan aike, ladan kuma ya hana jami'a mayar da aikin yawon buɗe ido. Tsarin ya kama da sauri. Makarantar da ta zama Jami'ar Northeastern a Boston ta ɗauka a 1909, Georgia Tech a 1912, Drexel a 1919. A Kanada kuwa, Jami'ar Waterloo a kansa aka kafa ta a 1957, ɗalibanta na injiniya na yin wata huɗu a aji, wata huɗu a wurin aiki, har su gama cikin shekara biyar.

Mai ja da wannan magana zai ce ai mai koyo asara yake jawowa: yana karya kayan aiki, yana cinye lokacin gwani, don haka ilimin da ya samu ya ishe shi lada. Akwai gaskiya a ciki, musamman a makonnin farko, kuma shi ya sa ladan farawa ya kasance kaɗan, yana ƙaruwa yayin da hannu ke faɗawa. Amma tsarin ɗalibi biyu a gurbi ɗaya an yi shi ne daidai don amsa wannan ƙorafi. Injin ba ya kwana babu mai kula da shi, kuma ɗalibin da ke komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara yana zama riba tun kafin ya karɓi digiri, kamfanin kuma ya san halinsa ciki da bai kafin ya ɗauke shi aiki. Sannan aikin da babu lada ɗan mai kuɗi kaɗai ke iya yinsa, domin kuɗin mota da na abinci daga gida za su fito. Da Schneider ya cire ladan, da ya kori irin ɗaliban da suka nuna masa hanyar tun farko.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma malaman jami'a ne suka fi yinsa: cewa makaranta za ta zama baiwar masana'antu, ta riƙa horar da hannu ta bar ƙwaƙwalwa, karatu kuma ya yi tsawo. Tsawon gaskiya ne, shekara guda ce ke ƙaruwa a yawancin wurare. Sai dai ba a rage darasi ko ɗaya don aikin ba, ƙara lokaci aka yi. Raunin da tsarin ke da shi na haƙiƙa shi ne ya dogara da lafiyar kasuwa. Idan masana'antu suka rufe, kamar yadda aka gani a karayar tattalin arzikin shekarun 1930, guraben ɗalibai na cikin na farko da ke tafiya. Daga baya gwamnatoci suka shigo da kuɗinsu, kuma a nan labarin ya iso ƙofar gidanmu.

Najeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971, hedikwatarsa na Jos, kuma a 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, wanda ɗalibai ke kira IT. Kukan da ya haifar da shi irin na zamanin Schneider ne: masu ɗaukar aiki na cewa injiniyoyin da jami'o'i ke yayewa sun san littafi amma ba su san inji ba. Lokacin kuwa akwai inda za a tura su. Masaƙun Kaduna na aiki, Peugeot ya fara haɗa motoci a can a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980, ga madatsar Kainji, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano. Amma an bambanta da Cincinnati a wuri ɗaya: alawus ɗin ɗalibi daga hannun gwamnati yake fitowa, ba a ɗora wa kamfanin da ya karɓe shi biyansa ba.  Nauyin shirin ya yi ta yawo, daga ITF zuwa hukumomin kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha a 1979, ya sake komawa ITF a tsakiyar shekarun 1980, yawan ɗalibai na ninkuwa, darajar naira na zubewa, masaƙun kuma suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon sananne ne ga duk wanda ke da ɗa ko ƙane a aji huɗu na injiniya. Yaro ya ɗauki takardar makaranta ya yi ta bin ofisoshi, inda aka karɓe shi a nuna masa benci. Kundin da zai riƙa rubuta aikin kowace rana ya zama shi ne aikin: a cika shafukan mako shida a dare ɗaya, a zana taransifoma daga littafi, a nemi wanda zai buga hatimi. Akwai kamfanoni da ke ba ɗalibai aiki na gaske su kuma biya su daga aljihunsu, kuma ɗalibai sun san su, rububinsu ake yi. Wannan rububin kansa shaida ne. Wurin da ake biya shi ne wurin da ake sa mutum ya kwance famfo ya mayar, ya hau ya duba layin wuta, ya tsaya a kan kankare har ya kama.

Za a ce masana'antun da suka rage ba su da ƙarfin biya. Amma doka ta riga ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu ga ITF, asusun kuma yana mayar wa kamfani wani kaso idan ya nuna ya horar da ma'aikatansa. Babu abin da zai hana a lissafa ladan ɗalibi cikin abin da ake mayarwa, ta yadda kuɗin zai bi ta hannun mai ba da aikin, a kan awannin da aka yi, bayan malami ya je ya gani da idonsa. Haka kuma a faɗaɗa ma'anar masana'anta. Maƙeran Panteka a Kaduna da ke haɗa injinan niƙa da na casar hatsi, da masu kafa wutar sola, da masu haƙa rijiyar burtsatse, duk suna da matsalolin awo da zane da ɗalibin aji huɗu zai iya warware musu, kuma kusan babu wanda ke kai musu ɗalibi da yarjejeniya a rubuce.