Kayan koyarwa na kyauta a intanet: asalinsu da amfaninsu ga malamai

Ƙarancin ƙwararrun malamai da na littattafan karatu na daga cikin manyan matsalolin da suka addabi makarantu a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara.

Wani rahoto da Hukumar Raya Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta fitar a shekarar 2024, ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da na sakandare miliyan 44 kafin shekarar 2030. Miliyan 15 daga cikinsu ana buƙatarsu ne a wannan yanki.

Matsalar kuma ba ta tsaya ga adadi kaɗai ba. A shekarar 2017, gwamnatin jihar Kaduna a Najeriya ta ce malaman firamare sama da dubu 21, daga cikin kimanin dubu 33, sun faɗi wata jarrabawar gwaji da ta shirya musu. Daga bisani an sallame su daga aiki, duk da adawar da ƙungiyar malamai ta nuna.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi domin rage wannan giɓi ita ce samar da kayan koyarwa na kyauta ta hanyar sadarwa ta intanet, waɗanda ake taƙaita sunansu da OER.

Mene ne waɗannan kaya?

Sun haɗa da littattafai, da tsare-tsaren darussa, da tambayoyin jarrabawa, da hotuna, da sauti, da bidiyo, waɗanda masu su suka sake wa jama'a domin koyo da koyarwa.

Sai dai ba duk abin da ake gani kyauta a intanet ba ne ya shiga wannan rukuni. Akwai rubuce-rubuce da dama da mutum zai iya karantawa ba tare da biyan ko kwabo ba, amma doka ta hana shi kwafarsu ko sauya su.

Abin da ya bambanta kayan OER shi ne izini. Malami na da damar ajiye kwafinsu, ya yi amfani da su a aji, ya gyara su ko ya fassara su, ya haɗa su da wasu, sannan ya raba wa abokan aikinsa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san makarantun ilimi na zaure a ƙasar Hausa da Borno, inda ɗalibai suka daɗe suna kwafar littattafai da hannu, suna rubuta ƙarin bayani a gefen shafi, tare da kiyaye sunan mawallafi.

Yadda abin ya samo asali

A watan Afrilun 2001 ne Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, wadda aka fi sani da MIT, ta ba da sanarwar cewa za ta sanya kayan kwasa-kwasanta a intanet kyauta. Ya zuwa ƙarshen 2007, ta wallafa kayan kwasa-kwasai kimanin 1,800.

A shekarar 2002, UNESCO ta kira wani taro a birnin Paris domin duba abin da wannan mataki ke nufi ga ƙasashe masu tasowa. A wurin taron ne aka raɗa wa irin waɗannan kaya sunan da ake kiransu da shi a yau.

A watan Disamban wannan shekarar kuma, wata ƙungiya mai suna Creative Commons, wadda malamin shari'a Lawrence Lessig na cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da lasisinta na farko.

Lasisin na ba marubuci damar riƙe haƙƙin mallakarsa, tare da bayyana wa jama'a abin da ya yarda a yi da aikinsa. Sharuɗɗan da zai iya gindayawa huɗu ne: a ambaci sunansa, duk wanda ya gyara aikin ya sake shi bisa irin wannan lasisi, kada a yi kasuwanci da shi, ko kuma kada a sauya shi.

Sharaɗi na ƙarshe na da muhimmanci ga malamai, domin aikin da aka hana sauyawa ba a iya fassara shi a rarraba sai da izinin mai shi.

A watan Nuwamban 2019, babban taron UNESCO ya amince da wata shawara da ta buƙaci gwamnatoci su tallafa wa samar da irin waɗannan kaya, musamman waɗanda aka yi da kuɗin jama'a.

Shirin TESSA

Cikin shirye-shiryen da aka tsara musamman domin malaman Afirka, wanda ya fi shahara shi ne TESSA, wato shirin horar da malamai a ƙasashen kudu da Sahara.

An soma shi ne a shekarar 2005 ƙarƙashin jagorancin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, kuma Farfesa Bob Moon ne daraktansa na farko.

Cibiyoyin ilimi daga ƙasashe tara ne suka fara shiga: Najeriya, da Ghana, da Sudan, da Kenya, da Tanzaniya, da Uganda, da Ruwanda, da Zambiya, da kuma Afirka ta Kudu.

Malaman jami'o'i da kwalejojin waɗannan ƙasashe ne suka rubuta akasarin darussan, ba a ɗauko su daga Turai aka kawo ba.

An samar da darussa 75 na matakin firamare a fannoni biyar: karatu da rubutu, da lissafi, da kimiyya, da nazarin zamantakewa da fasahar hannu, da kuma dabarun zaman duniya. An fitar da su da harsuna huɗu, wato Ingilishi, da Faransanci, da Larabci, da Swahili.

A shekarar 2009 Buɗaɗɗiyar Jami'ar ta samu lambar yabo ta Sarauniyar Ingila saboda wannan aiki, kuma a 2012 aka soma makamancinsa a Indiya.

Yadda darussan suke

Kowane darasi na ɗauke da gajerun labarai na yadda wani malami ya koyar da batun a ajinsa, sai kuma ayyukan da ake so mai karatu ya gwada da nasa ɗaliban.

Manufar ita ce malami ya koyi sana'arsa a cikin ajinsa, maimakon ya bar makaranta ya tafi kwas na watanni, yara kuma su zauna babu mai koyar da su.

Darussan sun yi la'akari da halin da ake ciki a zahiri: aji mai cunkoso, da ƙarancin littattafai, da rashin ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka suna ƙarfafa raba yara rukuni-rukuni, da yi musu tambayoyin da ke sa tunani, da amfani da waƙe-waƙe da tatsuniyoyi, da kuma abubuwan da ake samu a unguwa, kamar tsakuwa da marafan kwalba wajen koyar da ƙidaya.

Kowace ƙasa kuma ta daidaita darussan da nata yanayi, ta sauya sunayen mutane da garuruwa da kuɗi da abinci zuwa waɗanda yaranta suka sani.

Najeriya, Sudan da Nijar

A Najeriya, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, ita ce abokiyar aikin shirin. An kafa cibiyar a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE, kuma tana horar da malamai ne ta hanyar karatu daga nesa.

Da yake yawancin malaman karkara ba su da kwamfuta a lokacin, cibiyar ta buga darussan a takarda ta yi amfani da su a kwasa-kwasanta. Haka Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan ta yi da na Larabci.

Wannan ya nuna cewa amfanin intanet a nan shi ne taskance darussan da isar da su ga cibiyoyi. Abin da ya kai su hannun malami shi ne na'urar ɗab'i.

A ƙasashe masu amfani da Faransanci, akwai shirin IFADEM na horar da malamai daga nesa, wanda ya biyo bayan taron ƙolin ƙungiyar ƙasashen da aka yi a Bucharest a 2006. Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga shirin.

Sauran kayan aiki

Akwai manhajar Moodle, wadda wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002. Da ita malami ke buɗe aji a intanet, ya ba da aikin gida, ya shirya gwaji, ya kuma ajiye makin ɗalibai.

Shirin African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, na tattara littattafan labarai masu hotuna na yara a harsunan Afirka da dama, ciki har da Hausa. Malami na iya fassara labari ko ya rubuta nasa.

Ga wuraren da babu intanet kuwa, manhajojin Kiwix da Kolibri na ba da damar sauke tarin darussa ko kundin Wikipedia sau ɗaya a kan na'ura, a ci gaba da amfani da su ba tare da sayen data ba.

Darasi daga kwamfutar dala 100

A shekarar 2005, Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ya gabatar da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, wadda aka yi fatan sayarwa kan dala 100. An gwada shi a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja cikin 2007.

Farashin bai sauko zuwa dala 100 ɗin ba. Kazalika wani bincike da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 kan makarantun karkara na ƙasar Peru, inda aka raba dubban ɗaruruwan kwamfutocin, bai ga wani ci gaba ba a makin yara na lissafi da na harshe.

Tun daga lokacin, masu tsara manufofin ilimi da dama suka ƙara mayar da hankali ga horar da malamin da zai yi aiki da na'urar, ba sayen na'urar kaɗai ba.

Matsalolin da suka rage

Annobar korona ta fito da girman giɓin a fili. A 2020, rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a duniya. Alƙaluman da UNESCO ta bayar a watan Afrilun shekarar sun nuna cewa kashi 89 cikin 100 na ɗaliban ƙasashen kudu da Sahara ba su da kwamfuta a gida, kashi 82 kuma ba su da intanet.

Wannan ne ya sa jihohi da dama a arewacin Najeriya suka koma ga rediyo da talabijin domin watsa darussa.

Baya ga wutar lantarki da tsadar data, akwai batun harshe. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi ya ce kashi 92 cikin 100 na abin da ke cikin babbar taskar OER Commons da Ingilishi aka rubuta shi.

Ko darussan TESSA, babu Hausa a cikin harsuna huɗu da aka fitar da su, duk da cewa lasisinsu ya halatta wa kowace kwalejin ilimi ta fassara su.

Akwai kuma batun inganci. Da yake kowa na iya wallafa abin da ya ga dama, nauyin tantance sahihancin darasi, da dacewarsa da manhajar karatu da addini da al'adun ɗalibai, na komawa kan malami ne da hukumar makarantarsa.

Rahoton na 2023 ya kuma yi gargaɗin cewa sahihan hujjoji kan tasirin fasaha a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake da su sun fito ne daga masu sayar da kayan. Ya buƙaci gwamnatoci su tabbatar fasaha ta zamo mai taimaka wa malami, ba mai maye gurbinsa ba.