Alƙahira: Wuraren tarihi ga baƙon da wuni ɗaya ya rage masa

Alƙahira, babban birnin Masar, na daga cikin biranen da suka fi tara gine-ginen tarihin Musulunci a duniya. A shekarar 1979 ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai baƙi da dama, waɗanda hutu ko jinya ko fatauci ya kai su, kan jinkirta ziyarar waɗannan wurare sai ranar da za su koma gida. Wuni ɗaya ba ya isa a kewaya su duka, ga kuma cunkoson motocin da birnin ya yi ƙaurin suna a kai. Abin da ya fi sauƙi shi ne a faro daga kudu a yi arewa, domin filin jirgin sama yana arewa maso gabashin birnin ne.

Fusɗaɗ

A nan ne sahabi Amru bin Al-As ya kafa sansani bayan da Musulmi suka ci Masar, ya kuma gina masallaci a wajajen shekarar 642. Shi ne masallaci na farko a ƙasar, kodayake an sha faɗaɗa shi da sake gininsa.

Kusa da shi akwai gidan tarihin wayewar Masar, inda a shekarar 2021 aka mayar da gawarwaki 22 na sarakunan zamanin Fir'auna da matansu, ciki har da ta Ramsis na Biyu.

Masallacin Ibn Ɗulun

Ahmad bin Ɗulun ne ya gina shi tsakanin shekarar 876 da 879. Ana ɗaukarsa a matsayin masallaci mafi daɗewa a birnin da har yanzu yake kan siffarsa ta asali. Matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana kewaya ta, irin ta birnin Samarra na Iraƙi, inda Ibn Ɗulun ya tashi.

Ganuwar Salahuddin

Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ya soma gina wannan ganuwa a kan tudu a shekarar 1176, kuma daga nan aka riƙa mulkin Masar har kusan shekara 700. A cikinta ne masallacin Muhammad Ali yake, wanda aka soma ginawa a 1830 bisa salon Turkawa.

A gindin tudun akwai masallacin Sultan Hassan, wanda aka faro a 1356, aka kuma ware wa kowace daga cikin mazhabobi huɗu makarantarta a ciki. An kashe sarkin a 1361 kafin a gama aikin, ba a kuma taɓa gano gawarsa ba.

Al-Azhar da alaƙarsa da ƙasashenmu

Kwamandan Faɗimiyyawa, Jauhar As-Siƙilli, ya kafa Alƙahira a 969, aka soma ginin Al-Azhar a shekarar da ta biyo baya, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972.

Alaƙar birnin da Afirka ta Yamma daɗaɗɗiya ce. Masanin tarihi Al-Maƙrizi ya rubuta cewa mutanen Kanem sun ba da dukiya aka gina makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ a ƙarni na 13. Daga baya ɗaliban Borno sun sami masauki na kansu a Al-Azhar. Sarkin Mali Mansa Musa ya yada zango a birnin a 1324 kan hanyarsa ta zuwa Makka. Imam Jalaluddin As-Suyuɗi kuma, wanda ya rasu a 1505 aka binne shi a birnin, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Daura da Al-Azhar akwai masallacin Husaini da kasuwar Khan Al-Khalili, wadda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 14. A nan matafiya kan sayi tsaraba, kamar turare da littattafai da jallabiya, kuma ciniki sai da tayi.

Dalar Giza fa?

Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, kuma asalin tsawonta ya kai mita 146. Amma Giza tana yamma da kogin Nilu, wato ɗaya ɓangaren birnin, nesa da filin jirgi. Wanda jirginsa zai tashi da yamma sai ya zaɓi ɗaya, ko Giza ko tsohon birni. Wanda zai tashi cikin dare zai iya yin sammako zuwa Giza, ya ƙarasa wuninsa a Al-Azhar.

Abin lura

Wuraren da ake shiga da tikiti galibi kan rufe kafin magariba, amma kasuwar Khan Al-Khalili tana ci har dare, saboda haka ita ya kamata a bari a ƙarshe. Ranar Juma'a masallatai kan cika maƙil da tsakar rana. Kamfanonin jiragen sama kuma kan shawarci fasinjojin ƙasashen waje su isa filin jirgi sa'o'i uku kafin tashi, ban da lokacin da cunkoson hanya zai ci.