Abin da kwamfuta ba ta mantawa ko an ɗauke wuta

Mai shagon buga takardu a Gidan Igwai ya san ciwon tun kafin ya san sunansa. An kawo wuta, ya kunna tsohuwar Dell ɗinsa, sai ta tsaya da baƙin allo tana neman a danna F1. Ya danna, ta tashi, amma agogonta ya koma shekaru baya, kuma duk shafin da ya buɗe, na JAMB ne ko na duba sakamakon WAEC, sai ta ce ba ta amince da shi ba. Ga ɗalibai sun yi layi. Mai gyara kuwa ko zama ba zai yi ba: zai kwance murfi, ya ɓanɓare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai ƙarfin bolt 3, ya sa sabo. An gama.

Wannan batirin gadon 1984 ne. A shekarar IBM ta fitar da PC/AT, ta sa mata ai-si na Motorola mai lamba MC146818, wanda ke riƙe agogo da ƴar ma'ajiya ta bayit 64 kacal. Agogo ya cinye 14, sauran 50 aka zuba musu saituna: irin faifan da ke ciki, yawan RAM, da makamantansu. Ma'ajiyar, wadda ake kira CMOS, ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, sai da batir. Daga nan aka samo sunan da masu gyara ke kiransa da shi har yau, batirin CMOS.

Amma asalin umarnin da ke tada na'ura, wato BIOS, ba a can yake ba. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan BIOS a 1975 cikin manhajarsa ta CP/M, kuma da IBM ta fitar da PC ɗinta a Agustan 1981, ta ƙone nata BIOS ɗin cikin ROM, ai-sin da ake rubutawa sau ɗaya a masana'anta. In an samu kuskure, sai a cire a jefar. Akwai tsaka-tsaki da Dov Frohman na Intel ya ƙirƙiro a 1971, wato EPROM, mai ƴar taga ta gilashi a bayansa. A haska masa fitilar UV ta wasu mintoci ya goge, a sake rubutawa, sannan a liƙe tagar da takarda. Tsofaffin hannu a sana'ar suna tuna waɗannan takardu masu ƙyalli, ɗauke da tambarin AMI ko Award ko Phoenix.

Sai Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya zo da filash, wanda ya gabatar a 1984, Intel kuma ta fara sayar da irinsa a 1988. Yanzu da lantarki ake gogewa, ba tare da an cire ai-si daga bod ba. Kamfanoni suka ji daɗi, domin gyaran kuskure ya koma aikin fulofi ɗaya. Abin da ba a auna ba shi ne, ƙofar da injiniya ke shiga, ɓarawo ma ya ganta. Wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta ƙwayar cutar CIH a 1998. Ranar 26 ga Afrilun 1999 ta tashi, ta lalata bayanan faifai, a wasu na'urorin kuma ta rubuta shirme a kan BIOS. Kwamfuta ta zama ko fitila ta kama, allo ba ya cewa komai.

Sana'ar gyaran kwamfuta ta yi ƙarfi a Sakkwato ne bayan wannan zamanin, lokacin da shagunan intanet da na buga takardu suka yawaita a shekarun 2000, aikin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na ofisoshin gwamnati ya koma kan kwamfuta. Kayan kuwa galibi na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko ƴan Beljiyam: daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Computer Village a Ikeja, daga can Kano, sannan Sakkwato. Kuma ba na gida ba ne. HP EliteBook, Dell OptiPlex da Latitude, Lenovo ThinkPad, duk na bankuna da asibitoci da makarantun Turai da Amurka ne da suka gama wa'adinsu. An fi son su don ƙarko, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar janareta mai hawa da sauka.

Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin da ya sayar da na'urar ya goge faifai ko ya cire shi, amma sau da yawa ba ya taɓa ɗan ai-si mai ƙafa takwas da ke kwance a gefen bod, Winbond ko Macronix, mai megabayit 8 ko 16 ko fiye. A cikinsa akwai UEFI, magajin BIOS da aka kafa wa ƙungiya a 2005. Akwai lambar na'ura da lambar kadarar tsohon ofis. Tun daga Windows 8 a 2012, har mabuɗin lasisin Windows yana ciki. Saitunan da a da batir ke riƙewa su ma mafi yawa sun koma can, batir ya rage da gadin agogo. Saboda haka tsohuwar dabarar cire batir don goge lambar sirrin BIOS, wadda kowane yaron shago ya iya, ta daina ci a kwamfutocin ofis. ThinkPad ma tun da daɗewa take ɓoye tata a wani ai-si dabam. Masu ƙera kwamfutocin suna wallafa takarda ta musamman da ke jera kowace ma'ajiya a na'ura, da abin da ke saura cikinta bayan an kashe, da yadda ake share ta. Da masu zubar da kayan suna bin ta, da rabin rigimar ba ta iso nan ba.

Sai ƙwarewa ta koma kan ƴar na'urar CH341A, mai karanta ai-si da sake rubuta shi, da maƙalinta mai kama ƙafafun ai-si. Masu gyara suna kiran aikin filashin, kalmar da suka tarar a bakin masu gyaran waya. Ƙa'idar da ubangida ke fara koya wa yaro ita ce: karanta sau biyu, ka gwada su sun yi daidai, ka adana na asali, sannan ka rubuta. Mai gaggawa da ya zuba fayil ɗin wata na'ura zai mayar wa kwastoma kwamfuta mai lambar wani, lasisinta ya tafi. Wanda bai duba ba ya ɗora bolt 3 a kan ai-si mai cin 1.8, ya gasa shi. Akwai kuma sashen Intel ME, wata ƴar kwamfuta a cikin kwamfuta da aka yi don jami'an ofis su sarrafa na'urori daga nesa. In wannan sashen ya lalace, wasu na'urorin kan tashi lafiya lau, su mutu bayan minti 30 daidai. Kwastoma zai rantse zafi ne, a canza fanka, a canza man sanyaya, ciwo na nan.

Kamfanoni kuma suna ta jan ƙofar. A 2013 Intel ta kawo Boot Guard, inda ake ƙone shaidar mabuɗin kamfani cikin fis da ba ya komawa, na'ura ta ƙi tashi da BIOS ɗin da ba shi da sa hannun kamfanin. HP ta sa Sure Start, mai ajiye kwafi na biyu yana mayarwa da kansa. Suna da hujja, don a 2018 kamfanin ESET ya bankaɗo LoJax, cutar da ke zama a ai-sin UEFI, ko an sauya faifai tana dawowa. Sai dai makullin da ke hana ɗan leƙen asiri shi ne ke hana malamin makaranta a Mabera amfani da abin da ya saya da halaliyarsa. Akwai gefe na biyu da masu sana'ar ba sa musu: wata na'urar kulle ta ba mantuwar ofis ba ce, ta sata ce. Shi ya sa mai gyaran da ya san ciwon kansa yake tambayar rasidi kafin ya ɗauko maƙali.

Dillalai yanzu sun koyi danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a Lenovo tun kafin a yi ciniki, su ga ko saituna a buɗe suke. Tambaya ta biyu ta ƙaru tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wata ma'ajiyar mabuɗai da ba ta mantuwa, da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama. EliteBook 840 G3 da ta cika shaguna ƙarni na 6 ce. Ana zagaye sharaɗin a ɗora mata Windows 11 ɗin, tana kuma aiki, amma mai saye da ya san zancen ya samu abin da zai riƙe ya nemi ragi.