Kuza, Jirgi Da Kafuwar Kafanchan

Duk wanda ya tashi a garin nan ya sha jin tsofaffi suna cewa "zamanin kuza". Yaran yanzu kuwa in ka ce musu kuza sai su yi zuru, wani ma ya ɗauka abin ci ne. Alhali kuwa tana cikin manyan dalilan da suka sa aka kafa tashar da ta tara kakanninmu a nan.

Tun kafin zuwan Bature, mutanen Liruwen Kano, wato Ririwai, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne Kamfanin Neja ya gani ya bi sawunsu. A 1902 ya aiko George Nicolaus, bayansa kuma H. W. Laws, har suka gano cewa taskar tana kan tsaunukan Jos.

Cikin Turawan da suka biyo baya akwai mutanen Konwal, wani lungu a kudu maso yammacin Ingila. Su haƙar kuza da jan ƙarfe gadonsu ce. Da kasuwar jan ƙarfe ta karye musu wajen 1866 sai suka bazu duniya, wasu Ostireliya, wasu Amurka, wasu Afirka ta Kudu, daga baya har nan. Ci-rani dai suka zo, kamar namu. Bambancin kawai, su ke riƙe da littafin biya, namu kuwa kwano ne a ka.

Ƙaramin jirgin da ya haɗa Zariya da Jos a 1914 ya kasa da kayan. Saboda haka a 1927 aka tsaga reshe daga layin Fatakwal zuwa Jos, mararrabar kuwa ita ce Kafanchan. Kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarawa teku. Lebura ya sauka, mahauci ya biyo shi, sai mai tuwo, ɗan koli da malamin allo. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan.

Ba duka ne suka zo da son ransu ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta matsu da kuza, aka shiga ɗiban gwamna har 1944. An kwaso talakawa daga lardunan Arewa aka jibge su cikin sanyin Jos, ba bargo, ba isasshen abinci. Da yawa ba su koma gida ba, Allah Ya jiƙansu.

Wani abin dariya, a ramin kuza kusa da Jama'a aka tono kan mutum-mutumin yumɓu a 1943. Wani akawu ya kafa shi a gonar doya yana korar ɓarna, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya gane dangin waɗanda aka samu a Nok ne tun 1928.

Farashin kuza ya rushe a 1985. South Crofty, mahaƙar ƙarshe a Konwal, ta rufe a 1998, amma a 2006 UNESCO ta sa kufansu cikin kayan tarihin duniya, baƙi na zuwa kallo. Namu ramukan sun zama kududdufai, shanu na sha, wani sa'in su ci yara.